Ɗakin mai keke a jirgin ruwa: a faɗi gaskiyar jiki tun a biron ajans

Ba'adare ba baƙon hanya ba ne. Tun zamanin kakanni a ke fita biɗa daga wannan ƙasa tamu ta duwatsu, wasu Abijan, wasu Legas da Kamaru, wasu Libiya da Aljeriya, har da wuya ka shiga gida a Tawa, ko Illela, ko Keita, ko Buza, ba ka tarar da wanda ya san tasha kamar yadda ya san gonarsa ba. Amma duk wannan sani na tudu ne. Teku kam ta yi mana nisa, tun da Kotonu, inda kayanmu su ka daɗe su na sauka, ta fi kilomita 1.000 daga Yamai.

Sai ga shi a ƴan shekarun nan teku ta shigo hirar ƴan kasuwa ta ƙofar Jidda. A 2021 wani babban jirgi mai suna MSC Bellissima ya fara ɗaukar masu yawon shaƙatawa daga can a kan Bahar Maliya, kuma a watan Disamba na 2024 Saudiyya ta ƙaddamar da nata, Aroya, wanda shi ma daga Jidda ya fara aiki. Irin wannan jirgi ba na fito ba ne, mai kai mutum daga gaɓa zuwa gaɓa. Otel ne mai tafiya bisa ruwa. Aroya tsawonsa mita 335, ɗakunan kwana sama da 1.600, babu giya, babu caca, abinci halal, ga wurin salla. Mutum ya yi ƴan kwanaki a ciki, jirgi ya tsaya a wasu tashoshi, sannan ya dawo inda ya taso. Wanda ya je umra ya ga hotonsa, dole zuciya ta raya masa wani abu, kuma abin da ta kan raya wa ɗa nagari shi ne: tsohon nan da ya sha wahala a kaina, bari in kai shi umra, in an gama in sa shi cikin jirgin nan ya huta, ya ga ikon Allah.

Niyya ce mai kyau. To amma mu ɗauka tsohon ya na Takanamat, arewa maso yamma da birnin Tawa, kuma tun da hawan jini ya shanye masa ɓarin jiki bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba, sai a keke. A nan aikin ya ke. Abin da za mu faɗa kuma bai tsaya ga jirgin shaƙatawa ba, wanda ƙalilan ne cikinmu ke da halinsa. Ya shafi duk mai shirin kai naƙasasshe ko tsoho hajji, ko umra, ko neman magani a Tunis ko Alƙahira.

Abin da ya fi ɓata irin wannan tafiya shi ne harshenmu. Mu mutane ne da ba mu cewa jiki ya yi tsanani. Ka gaida marar lafiya ya na kan gargara, a ce maka da sauƙi. Wannan ladabi ne da tawakkali, kuma ba mu ce a daina shi a zaure ba. Amma ranar da ɗa ya zauna a biron ajans, ma'aikaci ya ɗago kai ya ce: «Alhaji, Baba ya na iya tafiya da kansa?», shi kuwa ya amsa: «Alhamdu lillahi, ya na ɗan taɓawa», to ma'aikacin ba shi da gurbin «ɗan taɓawa» a takardarsa. Gurbi biyu ne, i ko a'a, kuma wanda ya fi masa sauƙi zai cika. Daga wannan minti dosiye ya nuna fasinja mai ƙafa biyu, kuma haka kamfanin jirgi zai san shi har ranar tashi. Wasu ma da gangan su ke ɓoyewa, don tsoron kada a ƙi ɗaukar tsoho, ko a ƙara musu kuɗi.

Ga abin da wannan amsa ke jawowa. Ɗakin kwana na jirgin ruwa, wanda a ke kira kabin, da tsimin wuri a ke ƙera shi, domin kowane taƙi a cikin jirgi kuɗi ne. A yawancin jirage ƙofar kabin na kowa da kowa ba ta wuce santimita 55 zuwa 60 a faɗi, ta makewayi ta kan fi haka ƙunci, kuma ta na da dokin ƙofa mai tudu wanda sai an ɗaga ƙafa, don kada ruwan wanka ya malalo ɗaki in jirgi na tangaɗi. Keken babban mutum kuwa ya kan kama daga santimita 60 zuwa 70. Wannan lissafi ba sai wanda ya yi lise ba. Keke zai tsaya a bakin ƙofa, kuma ba a yarda a bar shi a lungun da ke tsakanin ɗakuna ba, domin nan ne hanyar fita in gobara ta tashi. Sai a koma ɗaukar dattijo kamar jinjiri, daga ƙofa zuwa gado, daga gado zuwa makewayi, dare da rana, a gaban baƙi. Mutumin da a ka kawo don a girmama shi, ga inda a ka tsaya da shi, bayan an zuba kuɗin da za su sayi shanu.

Kabin ɗin da a ka tanada domin mai keke daban ne. Ƙofarsa santimita 80 ce ko fiye, babu tudu ko ɗaya, akwai fili a tsakar ɗaki kimanin mita ɗaya da rabi inda keke zai juya, wurin wanka daidai ya ke da daɓen ɗaki har keke ya shiga kai tsaye, ga kujera maƙale a bango, ga ƙarafan dafawa, makunnin wuta da wurin rataye tufa an sauko da su daidai hannun mai zaune. Kuma a al'adar manyan kamfanoni kuɗinsa ɗaya ne da na sauran ɗakuna masu daraja irin tasa. A Turai ma doka ce: ƙa'ida mai lamba 1177 ta shekarar 2010, wadda ta fara aiki a Disamba na 2012, ta hana ƙara wa fasinja kuɗi saboda naƙasa, ta kuma hana a ƙi shi sai in dalilin tsaro ko ƙirar jirgi su ka tilasta. A Amurka kotun ƙoli ta yanke a 2005, a shari'ar Spector da kamfanin Norwegian Cruise Line, cewa dokarsu ta naƙasassu ta 1990 ta hau kan jiragen shaƙatawa masu tutar wata ƙasa in su na aiki a ruwan Amurka. Waɗannan dokoki ba su bin mutum har Bahar Maliya, amma sun taimaka wajen sa masu ƙera manyan jirage su riƙa barin irin waɗannan ɗakuna. Tsoron ƙarin kuɗi dai, a mafi yawan lokuta, ba shi da tushe.

Inda gizo ke saƙa shi ne yawansu. A jirgi mai ɗaki 1.500 ko 2.000, na masu keke ba su kan wuce ashirin, talatin ko arba'in ba, kuma su ne ke fara ƙarewa. Turawa masu wannan lalura su kan kama nasu wata shida, wani lokaci shekara guda, kafin ranar tashi. Mu kuwa tafiyarmu ta «in Allah ya kai mu bayan salla» ce: ɗan kasuwa ya jira ya sayar da albasa, saura mako guda ya shigo biro da kuɗi a aljihu ya ce a yanka masa biye. Wannan ta na ci a tashar mota, ba ta ci a nan. Duk yawan kuɗinka, in ɗakunan sun ƙare sun ƙare, babu wanda zai faɗaɗa ƙofar ƙarfe a tsakiyar teku.

Su kansu ɗakunan ba iri ɗaya ba ne, kuma wannan ne masu ajans da yawa ba su sani ba. Akwai wanda keke ke isa gado ta kowane gefe. Akwai wanda ta gefe ɗaya kawai, kuma ga wanda ɓarin jikinsa ya shanye wannan ba ƙaramar magana ba ce, domin ta ɓangaren da ke da rai ya ke hawa da sauka, in gado ya ba shi ɗaya gefen, ɗakin bai amfane shi ba. Akwai kuma na uku, wanda ƙarafan dafawa kawai a ka ƙara masa, domin mai dogara sanda, ƙofarsa ta na nan da ƙuncinta. Duk ukun a na iya kiransu ɗakin naƙasassu a takardar talla. Saboda haka kada a tsaya ga suna, a tambayi faɗin ƙofa da santimita, a tambayi tudun makewayi, a tambayi gefen gado.

Bari mu ɗan ratse, domin mun san halin wasunmu. Wanda ya ji cewa ɗakin nan ya fi girma kuma kuɗinsa ɗaya, ya ce zai kama shi alhali ƙafafunsa lafiya lau, wannan ƙwace ne ya yi. Kamfanoni na sa a cika takardar shaidar buƙata, kuma su na da ikon tayar da wanda ya yi ƙarya su mayar da shi wani ɗaki.

Sai batun keken kansa. Kekenmu na gida mai ƙafa uku, wanda masu walda ke ƙerawa, a ke tuƙa shi da hannu, shi ne gatan gurgu a kan yashi da tsakuwar Adar, inda keken asibiti ba ya taku goma bai kafe ba. Da shi ƴan uwanmu da shan inna ta taɓa su ke zuwa kasuwa da masallaci, wasu har su na ɗauko kaya. Amma dogo ne, ga nauyi, ba ya naɗewa, ba ya juyawa a lungu, ba ya shiga na'urar hawa bene cikin sauƙi. Ba abokin wannan tafiya ba ne. A nemi keke mai naɗewa tun da wuri, a bar mai shi ya saba da shi makonni a gida, kada ranar tafiya ta zama ranar koyo. Sannan a ari awon tela a auna faɗinsa a buɗe da a naɗe, da tsawonsa, a ɗora shi a sikeli, a rubuta. In mai batir ne, sai an faɗi irin batirin, domin jirgin sama da na ruwa duk su na da sharuɗɗa a kansa.

Duk waɗannan bayanai a rubuce a ke ba da su, a rubuce kuma a ke karɓar amsa. Ajans ɗin Tawa ya kan bi ta hannun na Yamai, na Yamai ya bi ta wani a Jidda ko Dubai, kuma maganar baka ba ta kai tasha ta uku. Abin da a ke nema shi ne takarda daga kamfanin jirgin kansa mai ɗauke da lambar kabin. A yi hattara da wani farashi mai rahusa wanda a ke sayar maka da darajar ɗaki kawai, a ce lamba sai dab da tashi: mai keke ba ya shiga wannan caca. A kuma sani cewa ma'aikatan jirgi za su tura keke wajen shiga da fita, amma ba aikinsu ba ne su ɗaga mutum daga gado, su yi masa wanka, su ba shi abinci. Dole a tafi da mai hidima, mai ƙarfi, wanda tsoho ba ya jin nauyinsa, in uwa ce a tafi da mace, kuma a jirgin shaƙatawa shi ma sai ya biya wurinsa.

Har yanzu ba mu zo ga dalilin da ya fi kowanne nauyi ba. Bahar Maliya, duk da nisanta, akwai tarihi tsakaninmu da ita. Alhazan da, waɗanda su ka bi ƙasa ta Cadi da Darfur shekara da shekaru, a Sawakin su ke shiga jirgi su ƙetara zuwa Jidda, a zube bisa dandali, ba kabin ba gado, kuma da yawa ba su kai gaɓa ba ma, su ka zauna a garuruwan Sudan irin su Mai Wurno. Tekun ta na da duwatsu a ƙarƙashin ruwa kuma ta ci mutane a zamaninmu. A Disamba na 1991 jirgin Salem Express, da ya taso daga Jidda, ya daki dutse kusa da Safaga ta Masar, ɗaruruwa su ka halaka. A Fabrairu na 2006 Al-Salam Boccaccio 98 ya nutse tsakanin Duba da Safaga da rayuka sama da 1.000. Waɗannan jiragen fito ne tsofaffi, kuma jiragen shaƙatawa na yau sun fi su tsaro nesa ba kusa ba. Amma Costa Concordia, wanda ya kife a gaɓar Italiya ranar 13 ga Janairu 2012 ya kashe mutum 32, jirgin shaƙatawa ne na zamani.

A irin wannan sa'a ba a shiga na'urar hawa bene, matakala a ke bi, kuma jirgin bene ne hawa goma sha wani abu. To wa zai zo ya ɗauki mai keke? Yarjejeniyar duniya ta tsaron rayuka a teku, SOLAS, ta wajabta a rubuta sunayen fasinjojin da su ka bayyana cewa za su buƙaci taimako na musamman in haɗari ya auku, a miƙa wa kyaftin kafin jirgi ya tashi. Da wannan takarda a ke raba ma'aikata, a ce wane da wane, ɗaki kaza naku ne. A lura da sharaɗin: waɗanda su ka bayyana. Tsohon da ɗansa ya ce ya na ɗan taɓawa ba ya cikin wannan takarda, babu kuma wanda a ka ɗora wa zuwa ƙofarsa.

Wani ƙaramin abu kuma da ya kamata a tambaya kafin a biya: ba kowace tasha jirgi ke jingina da gaɓa ba. A wasu ya kan tsaya a nesa, a kwashi mutane da ƙananan kwale-kwale masu inji, kuma in teku na motsi kyaftin na iya hana mai keke sauka. Haka batun biza, tun da jirgin da ya fita ruwan Saudiyya ya shiga wata ƙasa ya dawo, shiga ta biyu ce.

Yanzu mu koma gida, domin kabin ƙarshen igiya ne, farkonta ya na ƙofar gida a Takanamat. Daga can zuwa Tawa sai an shirya mota ta musamman, ba wadda ke fitowa ranar kasuwa cike da buhuna da awaki ba. Daga Tawa zuwa Yamai, ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso, tafiyar sama da kilomita 500 ce. Manyan motocinmu na fasinja sun kyautata tafiya ƙwarai in a ka kwatanta da da, amma matakalarsu doguwa ce, babu wurin ɗaure keke a ciki, kuma makewayin da a ke tsayawa a hanya ba a gina shi da tunanin mai keke ba. Wanda ba ya iya motsa jikinsa, in ya wuni zaune a wuri ɗaya, fatar mazaunansa na iya buɗewa ta zama gyambo, kuma gyambon zama ya isa ya ɓata umra da jirgi gaba ɗaya. A sayi kujerun gaba guda biyu ko a ɗauki shatar mota, a riƙa juya shi, a isa Yamai kwana biyu kafin tashi ya huta.

A jirgin sama ma akwai gurbi, kuma can har uku ne, da haruffa huɗu-huɗu da kowane mai sayar da biye ya sani. WCHR na wanda ke hawa matakala amma ba ya jure doguwar tafiya. WCHS na wanda ba ya hawa matakala amma ya na iya takawa zuwa kujerarsa. WCHC na wanda sai an ɗauke shi har kujera. Tsohonmu na Takanamat na uku ne. In a ka rubuta masa na farko, za a turo shi a keke har gindin matakala a tsaya, domin ba a yi shirin motar ɗagawa ko siririn keken da ke bi tsakanin kujeru ba. A sanar da kamfani tun ranar sayen biye, ko a ƙalla awa 48 kafin tashi.

Hajji kuwa, wanda shi ne tafiyar da ta fi shafar yawancinmu, addini bai ce a ɓoye rauni ba. Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi ɗawafi a kan raƙumi, ya kuma yi wa Ummu Salama izinin yin nata a kan abin hawa saboda rashin lafiya, kuma malamai sun yarda marar ƙarfi ya wakilta wani wajen jifa. Safa da Marwa sau bakwai kimanin kilomita 3 ne, ɗawafi a bene ya fi na ƙasa nisa ƙwarai, masu tura keke a Harami kuɗi su ke karɓa, sai a sa su cikin guzuri. A hajjin 2024 zafi ya haura digiri 51 a Makka, kuma Saudiyya ta sanar da mutuwar mutum 1.301. Wanda zai kai tsoho cikin wannan, ya faɗa wa lokotoro gaskiya ranar awon lafiya, ya kuma nemi sharuɗɗan lafiya na shekarar a wurin ajans ko a hukumar COHO mai shirya hajji da umra.

Ku kuma ma'aikatan gwamnati masu karanta wannan shafi, takardun na cikin durowarku. Nijar na da dokar kare naƙasassu tun 2 ga Maris 1993, ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙinsu a 2008, ta kuma yi sabuwar doka a Disamba na 2019. Gyara tashoshi da motoci na buƙatar kuɗi da lokaci. Amma tilasta wa kowane ajans ya sa tambayoyi uku a takardar rajista, wato ko maniyyaci na iya doguwar tafiya, ko ya na hawa matakala, ko ya na tashi daga kujera da kansa, wannan ba ya cin komai sai tawada, kuma ƙungiyar naƙasassu ta ƙasa, FNPH, na nan a tambaye ta yadda za a tsara su.

Saura dawowa, wadda kusan kowa ke mantawa. Buƙatar da a ka rubuta a biye na tafiya ba lalle ta bi na dawowa ba, musamman in an canza rana ko an canza jirgi a hanya. Kwana biyu kafin barin Jidda mai hidima ya sake tuntuɓar kamfani ya ji an karanta masa haruffan nan huɗu. Ya ɗaure wa keke suna da lambar waya, ya cire matashinsa ya riƙe a hannu, ya nemi a kawo keken bakin ƙofar jirgi in an sauka, kada a jefa shi cikin akwatuna da ruwan zamzam. Sannan ya buga waya gida a tabbatar motar da za ta ɗauki tsoho daga filin jirgin Diori Hamani ta na jira tun kafin su iso.